Amanar Ɗan Aiken Sadaka

A zamanin da, sadaka ba ta yin doguwar tafiya. Uwargida ta kwashe tuwo ta zuba wa almajiri a ƙoƙonsa, manomi ya auna zakkar gero ya kai ƙofar liman, attajiri ya yanka sa ya rarraba wa unguwa. Mai bayarwa yana ganin mai karɓa, mai karɓa kuma ya san gidan da zai yi wa addu'a. Birnin Yerwa, watau Maiduguri, ya daɗe da sanin haka, domin da irin wannan ciyarwa tsangayunsa na Alƙur'ani suka rayu. Yau kuwa sadaka ta zama matafiyiya. Takan taso daga Legas ko Jidda ko Landan, ta bi ta waya da banki, ta sauka a hannun wata ƙungiya ko wani kwamiti, sa'an nan ta nemi ƙofar mabukaci. Wannan hannu na tsakiya, ɗan aiken sadaka, shi ya kamata jama'a su tsaya su duba.

Ranar 10 ga Satumba, 2024, mutanen Maiduguri suka wayi gari cikin ruwa. Madatsar Alau, wadda aka gina a kan kogin Ngadda cikin shekarun 1980, ita ta ɓalle, shekara 30 bayan ambaliyar 1994. Ruwa ya mamaye Gwange da Fori, ya shiga babbar kasuwar Monday Market da fadar Shehun Borno da asibitin koyarwa na jami'a, bai bar gidan namun daji na Sanda Kyarimi ba, har katangar gidan yari ya rusa. Dubban ɗaruruwan mutane suka bar muhallinsu, sansanin Bakasi da aka rufe tun 2021 ya sake cika.

Kafin ruwa ya janye, lambobin asusun banki sun cika WhatsApp da Facebook. A ɗauki misalin ɗan Gwange mai tuƙin mota a Legas. Ya ga hoton layinsu a waya, ruwa ya kai taga. Hankalinsa ya tashi, ya ci karo da wata lamba, ya tura abin cefanen gidansa na kwana biyu. Niyyarsa ta isa ga Allah, babu shakka. Amma ko kuɗin ya zama burodi a hannun yaro, ko ya tsaya a aljihun wanda bai taɓa taka Borno ba, wannan ba shi da hanyar sani. Waya ta sauƙaƙa bayarwa ƙwarai, sai dai ba ta sauƙaƙa bin sawu ba.

Manya ma sun yi nasu. Marigayi Alhaji Aminu Alhassan Ɗantata ya ba da Naira miliyan 1,500, gwamnoni da bankuna da kamfanoni suka yi ta zuwa jaje, Gwamna Babagana Umara Zulum kuma ya kafa kwamitin rabon agaji. A makonnin farko gwamnatin jihar ta riƙa bayyana abin da aka yi alkawari da abin da ya shigo hannu, sai aka ga tazara mai faɗi tsakanin biyun. Wannan ba sabon abu ba ne. A watan Yuli na 2014 an yi taron gidauniya a Abuja domin asusun tallafa wa waɗanda rikicin Boko Haram ya shafa, wanda Janar T. Y. Ɗanjuma ya shugabanta. A daren aka yi shelar fiye da Naira miliyan dubu 50, amma bayan shekara guda ko rabi bai shigo ba. Hausawa sun ce alkawari kaya ne, to wasu a ƙofar zauren taron suka sauke nasu.

Ba a nan ƙasar kaɗai ake fama da ɗan aike ba. A Amurka akwai wani tsari da ya bunƙasa, na asusun sadaka mai bin shawarar mai bayarwa. Wata gidauniya ta birnin New York ce ta fara shi a 1931, ya kuma yaɗu sosai bayan an kafa Fidelity Charitable a 1991. Yadda yake shi ne, mutum ya zuba dukiyarsa a hannun ƙungiyar da ba ta neman riba, nan take a rage masa haraji, dukiyar kuma ta fita daga mallakarsa. Ƙungiyar za ta juya kuɗin a kasuwar hannun jari, shi kuwa daga baya ya riƙa ba da shawara, a ba makaranta kaza, a ba asibiti kaza. Amfanin tsarin a fili yake, domin ƙungiyar takan bincika ta tabbata inda za a kai kuɗin na gaskiya ne, kowane kwabo kuma a rubuce yake. Amma yana da nasa aibi. Dokar ƙasar ta tilasta wa gidauniyar mutum ko ta iyali ta fitar da kashi 5 cikin 100 na dukiyarta kowace shekara, alhali irin wannan asusu ba a yanka masa wa'adi ba. A 2022 abin da ke ajiye a cikinsu ya haura Dala miliyan dubu 200. Watau mai dukiya ya karɓi yabo da rangwamen haraji tun jiya, talaka kuwa yana iya shekara goma yana jira.

Wanda ya yi karatun zaure ba zai ji baƙon abu a nan ba. Tun waƙafin gonar Haibara da Sayyadina Umar ya yi, an san dukiyar da ake tsare asalinta a ciyar da amfaninta, an kuma san mai kula da ita ba mai ita ba ne, mai riƙon amana ne. Sai dai malamai sun bambanta waƙafi da zakka. Shi waƙafi don dogon zamani aka yi shi, ita kuwa zakka idan lokacinta ya yi ba a jinkirta ta ba bisa uzuri ba. Agajin ambaliya ɗan'uwan zakka ne ta wannan fuska. Bargon da ya zo bayan hunturu ya wuce, mai shi ya riga ya sha sanyinsa.

Akwai kuma zancen shawarar wa za a bi. Tsarin Amurka yana sauraron mai bayarwa, alhali mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Telan da ruwa ya lalata wa keke ba tabarma ta uku yake nema ba, keken yake so ya koma bakin sana'arsa. Mai sayar da busasshen kifi jari take bukata. Ɗan aiken kirki shi ne mai kunne biyu, ɗaya ga wanda ya aiko shi, ɗaya ga wanda aka aike shi gare shi.

Maiduguri ba ta rasa irin waɗannan ba. A 2007 lauya Zannah Mustapha ya buɗe makarantar Future Prowess da yara 36, inda daga baya marayun jami'an tsaro da marayun 'yan Boko Haram suka zauna a aji ɗaya. A 2017 Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba shi lambar yabo ta Nansen. Abin da ya jawo masa amincewar mutane shi ne aikin yana da ƙofa, duk mai shakka yana iya zuwa ya ƙirga yaran da idonsa. Gani ya kori ji.

Saboda haka duk mai niyyar tura taimako ta waya, kafin ya danna, ya tambayi sunan wa ke kan asusun, ya tambaya ko ƙungiyar tana da rajista da Hukumar Rajistar Kamfanoni, ya kuma nemi sanin ranar da za a yi rabo da inda za a karanta lissafi. Tambaya ba rowa ba ce, kuma mai gaskiya ba ya jin haushinta. Su kuma kwamitoci da ƙungiyoyi, lalle ne su riƙa bayyana abin da ya shigo da abin da ya fita, unguwa-unguwa, da Hausa da Barbarci, a gidan rediyo da allon ƙofar mai unguwa, ba a takardar Turanci kaɗai ba. Wanda ya yi shelar alkawari a gaban 'yan jarida bai cika ba, shi ma a faɗi sunansa a gabansu.

Sadaka ba ta cika aikinta sai ta isa hannun mai ita. Allah ya jiƙan waɗanda ruwa ya ci, ya mayar wa mutanen Borno da alheri, ya kuma ba masu riƙon dukiyar jama'a ikon sauke amana.