Wanda Ya Zauna Da Kai A Bakin Gado

'Yan uwana mata, mun saba da soyayyar littafi, ta turare da wasiƙa da lefe. To ni akwai wani fim na gaskiya, ba wasan kwaikwayo ba, da ya tsaya mini a rai. Sunansa Southern Comfort, wata Ba'amurkiya Kate Davis ce ta ɗauka, ya fito a 2001, har ya ci babbar kyauta a bikin finafinai na Sundance.

Labarin Robert Eads ne, mutumin karkarar Jojiya a Amurka. An haife shi mace, ya yi aure ya haifi 'ya'ya maza 2, daga baya ya sauya jinsi ya koma rayuwa a matsayin namiji. A 1996 aka gano yana da ciwon daji a ƙwan mahaifa, don ba a cire masa ita ba. Likitoci fiye da 12 suka ƙi duba shi, wai kada ganinsa ya kore musu sauran marasa lafiya. Kafin ya sami mai karɓarsa, ciwo ya riga ya ci jiki.

A cikin wannan hali ne soyayya ta ƙullu tsakaninsa da Lola, wadda ita kuma aka haife ta namiji ta koma mace. Ta san mutuwa zai yi, amma ba ta ja da baya ba. Ita ce mai ba shi magani, ita ce mai zama da shi in ciwo ya motsa. Burinsa na ƙarshe shi ne ya halarci taron da irinsu suke yi a Atlanta a wancan lokacin, ya kuwa je a 1998 tare da ita. Ya rasu a Janairun 1999 yana da shekara 53.

Na san wata za ta ce, mu ina ruwanmu da rayuwar da ba tamu ba? Ba gardama na zo yi ba. Amma duk wadda ta taɓa jinya, ta wanke mara lafiya, ta kwana a zaune, ta san abin da Lola ta ɗauka. Masu albashi da rantsuwar aiki sun juya baya, wadda ba ta da ko kwabo a ciki ta tsaya.

Don haka 'yar uwa, in wani ya ce yana son ki, kar ki tsaya kan zaƙin baki. Tambayi zuciyarki, ranar da kika kwanta ba ki iya ɗaga kofi, zai zauna?