Aikin da Ya Haɗa Ƙwaƙwalwa da Kwamfuta

A nan Udubo, idan yaro ya yi fice a kimiyya, abu biyu muke yi masa fata: ya zama likita ko injiniya. Akwai wani aiki da ya haɗa biyun wanda ba mu cika ambatonsa ba, wato binciken yadda ƙwaƙwalwa ke tunani da tuna abu, tare da rubuta manhajar da ke karanta siginarta.

Ƙwaƙwalwa da lantarki take aiki, sai dai ɗan ƙanƙani ne ƙwarai. A 1924 wani likitan Jamus, Hans Berger, ya fara ɗaukar wannan sigina daga kan mutum, kuma shi ne asalin gwajin EEG. Ana manna wayoyi a fatar kai, na'ura ta zana layuka. Idan mutum ya rufe ido ya natsu, sai a ga layin yana kaɗawa kamar sau 10 a daƙiƙa ɗaya. Wahalar ita ce ƙifta ido, cije baki, har wutar da ke cikin bango duk suna shiga layin su gurɓata shi. Sai an tace kafin a gane abin da ya fito daga ƙwaƙwalwar kanta.

Wannan tacewar ce ta zama sana'ar wasu masana. Arnaud Delorme, ɗan Faransa, da Scott Makeig na Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego a Amurka, sun gina manhajar EEGLAB, suka wallafa bayaninta a 2004. Kyauta suka sake ta, kowa na iya saukewa, ya ga yadda aka rubuta ta, ya gyara ko ya ƙara. Haka ma MNE-Python, wadda ke aiki da yaren kwamfuta na Python, shi ma kyauta. Akwai kuma rumbun OpenNeuro a intanet, inda masu bincike ke ajiye siginar da suka ɗauka don wasu su yi nazari.

Ina ruwanmu da wannan? Farfaɗiya. Dukkanmu mun san gidan da aka cire yaro daga makaranta saboda yana faɗuwa, ko yarinyar da manema suka guje wa, ana cewa iskoki ne ko ana ɗauka a yawu. Ba a ɗaukar farfaɗiya, daga rikicewar lantarkin ƙwaƙwalwa take. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum miliyan 50 ke fama da ita, kusan kashi 80 cikin 100 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, kuma har kashi 70 cikin 100 za su iya daina faɗuwa in an gano cutar an ba su magani daidai. Manhaja ba ta maye gurbin likita, amma gwajin EEG yana buƙatar masu iya karanta shi, kuma binciken cutar a kan mutanenmu sai namu sun tashi.

Kada mu ce abin ya fi ƙarfinmu. Dakta Mahmoud Bukar Maina, ɗan makwabciyarmu Yobe, ya yi digirin farko a Maiduguri, ya zama mai binciken ciwon mantuwa a Jami'ar Sussex ta Ingila, sannan ya jagoranci kafa cibiyar BioRTC a Jami'ar Jihar Yobe, Damaturu, a 2021. A shekarar aka kafa Jami'ar Kimiyyar Lafiya ta Tarayya a Azare, ga kuma jami'ar jiha a Gadau.

Abin da ya rage namu ne. Ɗalibin da ke son wannan hanya ya riƙe lissafi da ilimin halittu tare, ya fara koyon Python tun yanzu. Mu iyaye da yayye mu daina yi wa yaron da ya daɗe gaban kwamfuta kallon mai ɓata lokaci, mu tambaye shi me yake koya. Mai tsohuwar kwamfuta a ajiye ya miƙa wa ƙaninsa. Wanda kuma ke da mai farfaɗiya a gida, ya kai shi asibiti.

Allah ya yi wa 'ya'yanmu albarka, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.