Tsibirin damina a Dallol Mawri

Idan ruwan Agusta ya zauna a Arewa, ƙoramun da ke gangarowa daga tuddan marmara sukan zube cikin Dallol Mawri, su cika kowane kwari. Dallol ɗin tsohon kogi ne da ya daina gudu tun zamanin da ba mai tunawa, ya ratsa ƙasar Dogonduci da Tibiri ya nufi Kwara ta wajen Gaya. Ruwansa dai bai yi nisa a ƙasa ba, shi ya sa rake da rogo suke yi a fadamun Dumega. Da damina kuwa ruwan yakan fito fili, tafkuna su tashi a wuraren da aka bi da amalanke watanni kaɗan da suka wuce.

Tafki irin wannan baki biyu gare shi. Akwai mashaya, inda burtali ya faɗo, inda kofaton shanu ya dama laka, mata kuma suka shanya wanki a kan geza. Nan kowa ya sani. Akwai kuma lungu, can ta gefen da tudu ya sauko ya taɓa ruwa, inda babu hanya sai ɗan sawun awaki tsakanin duwatsu. Sai mutum ya cire takalmi ya dafa marmara kafin ya sauka. A nan ruwan ya fi tsabta, don yashi ne da tsakuwa a ƙasansa, kuma hayaniyar mashaya ba ta isowa sai kamar daga wani gari.

Inuwar wurin ta giyayya ce, itacen da ba ya damuwa ko ruwa ya kai masa gindi wata biyu. Gawo ba ya taimakon kowa a wannan lokaci, shi da yake zubar da ganyensa da damina. Bado ya shimfiɗa faranti a gefe, furensa a buɗe da safe. Balbela na kiwo a bakin ciyawa, talibambam sun yi baƙi a inda ruwa bai kai ƙwauri ba. Wanda ya zauna shiru zai ji kirinjijiya suna fito in sun tashi. Dutsen kuma yakan sha rana ya riƙe ɗumi, yaron da ya fito yana karkarwa sai ya kwanta rub da ciki a kai har haƙoransa su daina haɗuwa.

A wasu tafkunan akwai ɗan tudun marmara da ruwa ke kewayewa in ya cika. Faɗinsa bai fi tabarma uku ba. Da rani ba mai kallonsa, awaki ne kawai ke hawa. Da damina ya zama tsibiri, kuma a wurin yara shi ne ma'auni: wanda ya kai can da hannunsa, ba gora ba jarka, ya iya ruwa. Ƙanana sukan tsaya inda ƙafa ke taɓa ƙasa suna bugun ruwa, suna kallon yayyensu zaune a can sun miƙe ƙafa. Na daɗe ina lura da cewa wanda ya isa tsibirin karon farko ba ya ihu. Yakan zauna ne yana maida numfashi, yana duban tazarar da zai sake ratsawa kafin ya dawo.

Samarin da suka je ci-rani Kwatano ko Lome sukan dawo da labarin bakin teku, inda mutane ke biyan kuɗin mota don kawai su je su kwanta a yashi. Mutumin Arewa ba ya fita gida da sunan zai je hutu bakin ruwa. Hutunsa na tsakanin aiki ne. Manomi ya tashi daga noma rana tsaka, ya jingine hauya, ya wanke zufa, ya yi alwala, ya ɗan kishingiɗa. Makiyayi ya bar dabbobi a mashaya ya zagayo ya jiƙa kai. Yara kuwa hutun lakwal ya faɗo musu daidai cikar ruwa, kuma an aike su yankan ciyawa ne. Buhun ciyawar na nan a ajiye a gindin giyayya, rabi.

Ina son wannan lungu, kuma ina jin tsoronsa, dalilin kuwa ɗaya ne: ba mai ganin wanda ke ciki. Iyaye sun san haka. Tsohuwa takan tare jikanta a ƙofar gida, ta dubi fatarsa da ta yi fari fat da idonsa ja, ta ce: “Kai, ina ka hito? Ban hana ka tabki ba? Ruwan nan da masu shi.” Shi kuma ya sunkuyar da kai ya ce: “Kaka, ƙahwa kawai na wanke.” Gobe ya koma, sai dai wannan karon ya fi ɓoyewa, ya kuma tafi shi kaɗai don kada a kai ƙararsa. Hanin ya ƙara masa nisa da idon manya ke nan.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum wajen 300,000 ne ruwa ya ci a duniya a shekarar 2021, yara na da kaso mai yawa a ciki. Ranar 25 ga Yuli da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware don wannan matsala tana zuwa daidai lokacin da tafkunanmu ke cika. Akwai kuma tsargiya, wadda wasu har yau suke ɗauka alamar balaga ce ga yaro. Cuta ce. Mai ita ya yi fitsari a ruwa, ƙwan tsutsar ya ƙyanƙyashe ya shiga 'yan ƙananan katantanwa, daga nan ya fito ya huda fatar mai wanka, kuma da tsakar rana ya fi fitowa, lokacin da yara suka fi shiga. Nijar ta fara rabon maganinta a makarantu a 2004. Kurkunu ma da ta ruwan tafki yake kama mutane, ga shi a 2013 an tabbatar ƙasar ta rabu da shi. Ranar da aka kawo ƙwayar maganin tsargiya lakwal, a bar yaro ya sha, a kuma nemo almajiri da ɗan makiyayi da ba sa aji.

Game da nutsewa, a ganina koyarwa ta fi hani. A Bangladash, cikin tafkunan ƙauye ake kafa shingen gora a wuri mara zurfi, matasan garin su koya wa yara iyo. Mu ma ga Argungu nan kusa a Kabi, inda masunta ke ratsa Matan Fada a kan gora, iyawar ba baƙuwa ba ce a yankin. Abin da lungun ke bukata bai da yawa: saurayi ɗaya da ya iya ruwa ya zauna a kan dutse daga hantsi zuwa la'asar, a yi karɓa-karɓa tsakanin unguwanni, da doguwar sanda a gefensa, da igiya ɗaure da jarka. Jarkar lita 20 da aka ɗaure murfinta da kyau tana riƙe yaro a saman ruwa, tana ma riƙe babba.