Mun Iya Sayen Goro, Ba Mu Iya Sayen Ƙarfe Ba

Duk mai fitowa sallar Asuba ta layinmu ya san farar motar nan, a-kori-kura mai ja da ƙafa huɗu, wadda yaran unguwa suka laƙaba wa suna Taguwa. Mu shida muka haɗa kuɗi muka saye ta, dukkanmu 'yan goro ne a nan Sabon Shagamu, domin mun gaji da direbobin haya da ke ƙin shiga ƙauye da zarar ruwa ya sauka. Ita ke kai mu ƙauyukan Ijebu da na wajen Ore, inda kwalta ke ƙarewa a shiga taɓo. Ranar da babu fita kuwa ta zama ta jama'a: ta kai mara lafiya asibiti, ta ɗauki mai naƙuda da tsakar dare, ta raka gawa maƙabarta. Shi ya sa da aka ga ta yi mako uku a kan duwatsu babu tayoyin baya, tambaya ta yi yawa, maganganu kuma suka fi tambayar yawa. Wasu daga cikin maganganun daga bakinmu suka fito, don haka muka ga ya kamata mu yi bayani sau ɗaya a nan, kowa ya ji.

Ga wanda bai taɓa leƙa ƙarƙashin irin wannan mota ba, casis ɗinta kamar tsani yake a kwance. Dogayen ƙarafa biyu ne daga gaba zuwa baya, sai wasu gajeru da suka gitta tsakaninsu suna riƙe su. Makanikai na kiran gajerun kuros-mamba. Na baya a tamu shi ke riƙe da kan shakazoba, a jikinsa kuma safaya taya ke rataye. Shi ne ya tsage mana da rani, wajen watan Fabrairu, bayan mun faɗa wani rami da lodi.

Bakanikenmu ba sai mun faɗi sunansa ba. A nan aka haife shi, a gabanmu ya girma, mahaifinsa marigayi da shi muka yi ta ɗaurin huhu. Ya duba ya ce hanya biyu ce: ko a sayo sabo fil, ko a nemo tokumbo. Ya ce shi dai da sabon zai fi kwanciyar rai. Muka tambayi kuɗi, muka ji sabon ya kusa ninka tokumbon, nan take muka zama masana. Wani ya ce ai ƙarfen Turai ya fi na yanzu ƙwari. Wani ya ce ƙarfe ai ƙarfe ne. Biyu daga cikinmu suka bi shi wata kasuwar sifaya a Legas, aka fito musu da ƙarfe baƙi wuluk yana sheƙi kamar yau aka ƙera shi. Yaron ya ɗauko sukudireba zai kankare gefe ya gani, mai shagon ya riƙe masa hannu, wai in ya kankare ya saya. Rana ta yi, ana tsoron cunkoson hanyar dawowa, sai namu suka ce masa ya bari haka nan, ai ido ma ya gani. Aka kawo, aka yi walda, washegari Taguwa ta tafi ƙauye don kada kasuwa ta wuce mu.

Wata bakwai tsakani, a watan Satumba, taya ta yi faci a hanyar wani ƙauye. Direba ya kwanta zai sauke safaya, sai ga ɓawon ƙarfe na zubo masa a fuska kamar ɓawon busasshen itace. Ya sa makullin mota ya danna, makulli ya shige. A hankali ya lallaɓo ta gida da rabin kaya, sauran muka biya aka ɗauko mana.

To, nan ne muka yi abin da bai kamata ba. Kafin a yanke ƙarfen a duba, mun riga mun yanke hukunci. Wani a cikinmu ya ce ba wannan ƙarfen aka sayo ba, yaron ya musanya ya sa tsoho ya sayar da mai kyan. Babu wanda ya gani, amma babu wanda ya ce a'a. Da azahar a shagon Alhaji babbanmu aka yi maganar, kafin magariba ta kai wurin mai shayi, kafin Juma'a ta shiga gidajen mata. Mutum uku suka janye motocinsu daga garejinsa. Mahaifiyarsa, wadda ba ta taɓa wuce shagunanmu ba ta tsaya an gaisa ba, ta koma bin ta baya. Har an fara shawarar a kai zancen ƙofar Sarkin Hausawa.

Shi ya zo da ƙafarsa. Ya durƙusa ya gaida Alhaji, ya ce, “Baba, alfarma ɗaya nake nema. A bar ni in yanko ƙarfen in kawo shi nan gabanku. In kun gani kun ce ni ne, wallahi zan biya ko da zan sayar da kayan aikina.”

Alhaji ya ce, “Je ka yanko, ɗana.”

Washegari bayan la'asar ya shimfiɗa buhu a ƙofar shago, ya ajiye ƙarfen ya tsaga shi biyu. Abu na farko da ya nuna mana cikinsa ne. Kuros-mamba ba dunƙulallen ƙarfe ba ne, yana da rami kamar bututu, kuma cikin namu tsatsa ce hawa-hawa, tana ɓantarewa da hannu. Ya ce wannan ba aikin wata bakwai ba ne, shekaru ta yi tana ci. Sai ya kankare baƙin fentin waje, ga tsohuwar tsatsa a ƙasa, wani wurin ma an cike rami da bodi-fila an shafe. Ya ɗora maganaɗisu a wurin, ya faɗo. Shi ya yi mana bayanin cewa yawancin irin waɗannan kayan daga motocin da suka mutu a ƙasashen sanyi ake ciro su, kuma a Kanada da arewacin Amurka da wasu sassan Turai gishiri ake watsawa a kan titi da hunturu don ƙanƙara ta narke. Ruwan gishirin nan ke shiga kowane lungu na ƙarƙashin mota. Ƙarfe da ruwa da iska in sun haɗu tsatsa ce, gishiri kuwa hanzarta ta yake yi. Fenti a kan tsatsa ba ya kashe ta, rufe ta kawai yake yi tana ci gaba da aikinta a ɓoye.

Na biyu, bai jira an tambaye shi ba. Ya nuna bakin inda aka yi walda ya ce, “Wannan kuma nawa ne.” Zafin walda na ƙone fentin da ke kusa da ɗinkin, ciki da waje, ya bar ƙarfe tsirara. Kamata ya yi a goge wurin, a shafa jan fentin nan na share fage da ake kira redoksayid, a bar shi ya bushe, sannan a bi da baƙi. Bai yi ba. Ya ce mun matsa masa a kan lallai mota ta fita da asuba, amma duk da haka da ya tsaya a kan bakansa da ba haka ba.

Na uku ya ɗan yi shiru kafin ya faɗa, don namu ne. A ƙasan ƙarfen akwai 'yan ƙofofi da aka huda don ruwa ya riƙa fita. Duk sun toshe da jan laka. Ya zaro laka cikin tafin hannu daga ciki, kwana goma da ajiye mota amma har lokacin da damshinta. Mu kuwa wankin Taguwa kullum ne, a wanke gilashi, a goge ƙofa, a sa turare a gaba. Tunda muka saye ta ba mu taɓa cewa a ɗaga ta a wanke ƙasa ba. Ga kwandunan ɗanyen goro da muke lodawa suna ɗiga, ruwan na bin ƙasan bodi yana sauka daidai kan wannan ƙarfe.

Mun daɗe muna tattauna wannan na ukun a tsakaninmu. Da yawanmu a nan aka haife mu, amma tarbiyyar ƙarfe ta Arewa muka gada. A Kano ko Sakkwato damina wata huɗu ce ko biyar, sauran shekara iska a bushe take, taɓon da mota ta kwaso da safe kafin yamma ya zama ƙura ya kakkaɓe. Abin da ake tsoro a can zafin inji ne da ƙura a filta. A nan kuwa ruwa na farawa tun Maris, ba ya ɗaukewa sai wajen ƙarshen Oktoba, in ban da ɗan sararin da ake samu a Agusta, kuma ko ranar da ba a yi ruwa ba iskar kanta jiƙe take. Wanda ya taɓa hangen Ibadan daga kan tudu ya ga yadda kwanon rufinta ya koma ja, ya san zancen. Laimar nan da ta sa goro ke yi a ƙasar Yarbawa, wadda ta kawo kakanninmu, ita ce dai ke cin ƙarfen motarmu.

Ƙaramin cikinmu, mai yawan karance-karance a waya, ya ƙara mana da cewa ko manyan kamfanoni abin ya taɓa kayar da su. A 2016 kamfanin Toyota ya amince da wani sulhu a Amurka da aka ƙiyasta zai iya kai dala biliyan 3.4, a kan tsatsar casis na motoci kusan miliyan ɗaya da rabi, samfurin Tacoma da Tundra da Sequoia. Tamu ba ta cikin waɗannan, amma labarin ya sanyaya mana jiki. Mu kuwa mun ɗora komai a kan yaro mai gareji ɗaya da injin walda ɗaya.

Alhaji ya juya ƙarfen da sandarsa, ya dube mu ya ce, “A cikinku wa ya taɓa sayen huhu bai sa an kwance masa ba?” Babu wanda ya amsa. Mu da muke tura hannu har ƙasan kwando, mu fasa ƙwaya mu duba ko sankara ta shiga, mu da ba a yi mana wayo da jera manya a sama, mu ne aka sayar wa tsatsa da fentin gwangwani ɗaya, bayan mun hana mai sukudireba ya duba.

Yanzu an sa sabo fil. Mu muka biya kuɗin ƙarfe kashi shida, shi ya ce ba zai karɓi ladan aiki ba, muka yi ta ja har ya yarda da rabi. Wannan karon kwana uku muka ba shi. Ya goge, ya shafa ja, ya shafa baƙi, ya fesa mai a cikin ramin. Wasu na haɗa baƙin mai da giris su shafe ƙasan mota gaba ɗaya, kuma yana taimakawa, sai dai ya gargaɗe mu kada ya taɓa birki ko robobin bushin, don yana lalata roba. Duk dawowa daga ƙauye da damina ana ɗaga ta a wanke ƙasa da ruwa mai ƙarfi, direba ya bi ƙofofin nan da waya ya zuƙe su. Duk wata kuma a bi casis da ƙaramar guduma. Lafiyayyen ƙarfe ƙara yake yi tangararan, wanda ya ciwu kuwa amonsa a dakushe yake fita.

Abin da ya rage bai shafi mota ba. Mun ba shi haƙuri a cikin shago, mu da shi, ƙofa a janye, alhali zargin a bakin kasuwa muka yi shi. Cikin mutum ukun da suka janye motocinsu, ɗaya ne kaɗai ya koma. Mu biyar mun je har gida mun gaida mahaifiyarsa, ta ce babu komai, Allah ya yafe mu baki ɗaya. Na shidanmu har yau yana cewa sai ya samu lokaci. Da saninsa muka rubuta wannan, bai ce a cire ba.

Saboda haka jama'ar Sabo ku shaida: bai musanya mana komai ba, ƙarfen da muka zaɓa da hannunmu shi ya sa mana. Garejinsa na nan inda kuka sani. Taguwa kuma za ta fita wajen Ore ranar Litinin in Allah ya kai mu, mai saƙo ya kawo shagon Alhaji kafin Isha'in Lahadi.