Dorina Da Ayu A Ruwan Yawuri

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ɗan fili.

Na shiga jirgin ruwa daga Yelwa zuwa Wara ta ƙasar Ngaski, bisa tafkin da ya haɗiye tsibiran Gungawa sa'ad da aka datse Kwara a Kainji cikin 1968. Da hantsi muka hangi dorina uku, kunnuwa da hanci kaɗai ke waje. Matuƙi ya kauce nesa, ya ce mai ɗa ba ta wasa.

Amma ayu, wanda na tafi dominsa, ko bayansa ban gani ba. Macensa ɗa guda takan haifa, bayan cikin wajen shekara, ga shi ana kashe shi saboda nama da mai. Ina roƙon sarakunan ruwa su tsawata wa masunta.

Naka,
Wani Akawu, Yelwa.