Bazara a kan Dutsen Maloni

Ɗaurin aure ne ya kai ni Keffi a tsakiyar bazara, amma wani kabari a kan dutse ne ya zaunar da ni. Labarin hanya ba sai na ba da ba. Duk wanda ya taɓa bi ta Nyanya da Mararaba ya san yadda cunkoso ke cinye wa mutum wuni a tafiyar kilomita 50 daga Abuja.

Masaukin da na fara sauka, Allah ya sawwaƙe. Ga fanka a rataye, babu wuta, sauro kuwa kamar an aiko su. Zafin Keffi ba irin namu na Kano ba ne mai busar da fata, wannan jiƙa mutum yake da gumi har asuba. Wani dattijo da muka yi sahu ɗaya a masallaci ya ji ina mita, ya tambayi garinmu, sai ya ce, "Haba ɗana, ai ku kuka karɓi Magajinmu. Ɗauko jakarka." Sakwara aka kawo mini da miyar agushi. Manja ya yi mata yawa a bakin wanda ya tashi da miyar kuka, amma mangwaron gidansa ya biya ni.

Shi ya hau da ni dutsen da sassafe. A can aka binne Kyaftin Maloni, Razdan ɗin Turawa, wanda Magajin Keffi Ɗan Yamusa ya kashe ranar 3 ga Oktoba 1902. Magaji wakilin Sarkin Zazzau ne a garin, domin tun da Abdu Zanga ya kafa Keffi a farkon ƙarni na 19 Zazzau take bi. Bayan kisan, Magaji ya hau doki ya nufi Kano, Sarki Alu ya karɓe shi da girmamawa, Lugga, shugaban Turawan, kuwa ya samu hujjar da yake nema ta yaƙar Kano. Ranar 3 ga Fabrairu 1903 igwa ta buɗe ganuwarmu. Magaji bai miƙa wuya ba, a Burmi ya faɗi tare da Sarkin Musulmi Attahiru a Yulin shekarar.

Na tsaya ina kallon rufin kwanon garin, abin yana ba ni haushi. Mu Kanawa muna ba da labarin zuwan Turawa sai ka ce daga Bebeji ya fara, alhali ga inda aka kunna wutar. Yaran da na tarar suna wasa a wajen sun san sunan Baturen, na Magaji sai da Baba ya tuna musu.

Da muka sauko na ga masu fasa dutse, yawancinsu mata, wasu da goyo. A ƙona taya a kan falale har ya tsage, sannan a bi shi da guduma a mai da shi tsakuwa, a tara tsibi-tsibi a jira tifa. Kirarin jihar Nasarawa shi ne gidan ma'adinai, amma tafin hannun matan nan ne ya fi nuna mini yadda ake cin arzikin.

Sauran kwanakin biki ne irin na ko'ina. Wanda zai hau dutsen nan da bazara, ya hau kafin hantsi, ya riƙe ruwa, ya kuma tafi da dattijon gari.