Goggo da Daɓen Katako

Da aka ba ɗan Goggo wani tsohon gidan ma'aikata a Kaduna, sai suka tarar an shimfiɗe ɗakunan da katakon maɗaci. Matar ɗan kuwa kowace safiya takan kwara ruwa da sabulu, ta bi da tsintsiyar kwakwa, kamar yadda ake yi wa siminti. Kafin damina ta fita, katakon bakin ƙofa ya kumbura ya soma ɗagowa. Ga shi gidan gwamnati ne, abin da ya lalace duk maigida ne zai biya.

Goggo ba ta taɓa zama a ɗakin katako ba, amma ta tsufa tana daɓe. Ta san yadda mata kan baza tsakuwa su bi ta da madaɓi suna waƙa, sa'an nan su yayyafa ruwan makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa, har daɓen ya yi ƙarfi da sheƙi. Ta durƙusa ta shafa katakon, ta ce, "'Yar nan, abin da ke shan ruwa ba a yi masa wanka."

Daga ran nan takalmi ya tsaya a waje, domin rairayi shi ke kankare katako. Shara sai da tsintsiyar laushi, goge kuma da tsumma wanda aka matse sarai. Jifa-jifa a shafa kaki a murza.

Kumburin bai koma duka ba, amma bai ƙaru ba. Surukar kuwa, da za a aurar da ƙanwar mijinta a ƙauye, ita ta fara neman madaɓi.